A Saya Yanzu Ko A Jira? Laftof Ɗin Da Ake Yayatawa Ba Ita Ce Za Ta Iso Kamba Ba

Da zarar matashi ya ce ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi laftof, sai an samu wani a cikin abokai ya ce masa, "Kai dai dakata, akwai sabuwa tana nan tafe." Sai a turo masa bidiyon wani Bature ko Ba'indiye yana zaune a gaban fitilu masu launi, yana bayanin furosesar da za ta fito, da batirin da zai wuni ya kwana bai mutu ba, da wata aba wai ita NPU da za ta sa kwamfuta ta yi tunani da kanta. Mai niyyar saye sai ya mayar da kuɗinsa aljihu. Bayan wata uku kuɗin sun narke a data da anko da rancen da ba a biya ba, laftof kuwa ba a saya ba, aikin da ake son koya yana nan inda aka bar shi.

Matsayinmu a wannan fili a bayyane yake. Waɗannan bidiyoyin ba ƙarya suke yi ba, amma ba da mu suke magana ba. Matashin da ke Kamba ko Bagudo ko Ka'oje yana da nasa abubuwan da ya kamata ya sa wa ido kafin ya fitar da kuɗi, kuma kusan babu ɗaya daga cikinsu da ake faɗa a bidiyon.

Sababbin kaya dai suna fitowa, wannan gaskiya ne. A watan Oktoban 2025 Apple ya fitar da MacBook Pro mai M5. A Janairun 2026, a bajekolin CES da ake yi duk shekara a Las Vegas ta Amurka, Intel ya ƙaddamar da Core Ultra Series 3, wanda masu bibiya suka fi sani da Panther Lake. Qualcomm na da Snapdragon X2, AMD na da Ryzen AI, kuma a lokacin an daɗe ana raɗe-raɗin Nvidia ma za ta shigo da tata furosesar laftof. Kowace shekara haka ake yi, kuma baɗi ma haka za a yi. Wanda ya ce sai an daina fitar da sabuwa zai saya, to ya nemi wurin zama.

Tambayar ita ce, ta wace hanya laftof ke zuwa hannunmu? Mafi yawan abin da muke saya na hannu ne, wanda ake kira Beljiyam ko tokumbo. Wani banki ko kamfani a Turai ko Amurka ne ya saye ta sabuwa, ma'aikatansa suka yi aiki da ita shekara uku zuwa biyar, sannan aka tattara aka sayar wa dillalai. Daga nan ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano. Ta Legas za ta bi ta Computer Village a Ikeja, ta wuce Kano ko Sakkwato ko Birnin Kebbi. Ta Kwatano kuma za ta haura arewa ta Parakou da Kandi, daga nan ko ta nufi Malanville a bakin kogi, ko ta karkata ta Segbana zuwa Tsamiya. Idan muka yi lissafi da wannan tafiyar, laftof ɗin da aka nuna a Las Vegas a farkon 2026 za ta zo shagunanmu da farashin da ɗalibi zai iya taɓawa ne wajen 2029 ko 2030. Mai jiran ta, shekara nawa ke nan zai yi yana ara?

Akwai dai kayan da suke tafe da gaske, kuma su ne ya kamata a yi ta magana a kansu. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin da aka saba, wato facin tsaron da ke toshe ƙofofin da 'yan damfara ke shigowa ta cikinsu. An bar wata ƙofa ta ƙarin wa'adi ga masu amfani na gida zuwa Oktoban 2026, amma sai ka yi rajista, kuma ita ma mai ƙarewa ce. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa: tana son wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel, in ban da 'yan ƙalilan, tana son furosesa daga jenereshan na 8 zuwa sama. A AMD kuma daga jerin Ryzen 2000. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta tun ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara. To ina kuke zaton shararsu ke zuwa? Ofisoshin Faransa da Jamus da Ingila ba za su ajiye na'urar da ba ta samun facin tsaro ba. Za a goge ta, a shafa mata mai, a naɗe ta a leda, ta iso mana tana ƙyalli, mai shago ya ɗaga ta ya ce, "Wagga Core i7 ce, malam, ba irin waɗancan ba."

Nan ne aka fi cutar matasa, don haka bari mu ɗan tsaya. Kalmar "Core i7" ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba. Kamar a ce maka mota Toyota ce, ba a faɗi shekararta ba. Abin da za ka duba shi ne lambar da ke bin sunan. Idan ka ga i7-4600U, wannan 4 ɗin na farko yana nufin jenereshan na 4, kayan wajen 2013 ke nan. i5-6300U na 6 ne. i5-8350U na 8. Idan ka ga i5-1135G7, lambobi biyun farko za ka karanta, wato na 11. Kuma ga abin da da yawa ba su sani ba: a jenereshan na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, Intel ya mayar da ƙwaƙwalwar aikin irin waɗannan furosesoshi na laftof daga biyu zuwa huɗu. Saboda haka i5-8250U ta fi i7-7500U ƙarfi idan ana ayyuka da yawa a lokaci guda, duk da cewa mai shago zai tsuga maka kuɗi a kan mai "i7" ɗin. Kada ka dogara da sitikar da ke manne a jiki, ana sayar da ita a kasuwa. Ka kunna, ka shiga Settings, ka je About, ka karanta da idonka. Ko sunan samfuri ma ba hujja ba ne, don akwai ThinkPad T480 da Latitude 7490 da suka fito da jenereshan na 7.

Wani zai ce, ai na ga Windows 11 a kan allon, ke nan ta cika sharaɗi. A'a fa. Kowane mai gyara ya san yadda ake tsallake binciken da Windows 11 ke yi, da ƙaramar manhaja irin su Rufus, a ɗora ta a kan tsohuwar na'ura. Za ta tashi, za ta yi aiki, amma Microsoft da bakinsa ya ce ba ya ba da tabbacin irin wannan na'ura za ta ci gaba da samun sabuntawa. Ganin Windows 11 a kan allo shaida ce cewa mai gyara ya iya aikinsa, ba shaidar shekarun laftof ba.

Ba muna cewa tsohuwar laftof ba ta da amfani ba ne. Mai jenereshan na 6 ko na 7 da aka sa wa SSD tana buga takardu, tana koyar da Excel, kuma idan aka ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu, mai koyon rubuta manhaja zai yi shekaru yana morarta. Abin da muke ƙi shi ne a sayar da ita da kuɗin mai na 8, ko a ɓoye wa mai saye abin da ya saya. Idan ita ce ƙarfinka, saye ta da saninka, ka kuma taya ta da kuɗin tsohuwa. Mai shago ya san waɗannan kaya sun yi yawa a hannun dillalai. Kai ma ka nuna masa ka sani.

Abu na biyu da ke tafe, kuma shi ne ya rushe tsohuwar dabarar "jira farashi ya sauko", shi ne tsadar RAM. Kamfanoni uku ne ke yin mafi yawan wannan ƙwaƙwalwa a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke bayan su ChatGPT da Gemini, suna haɗiye ƙwaƙwalwa kamar ba gobe, kuma sun fi mu biya. Sai masana'antun suka karkata can. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya ninka, wani nau'in ma ya fi ninki. A watan Disamba Micron ya sanar da cewa zai rufe Crucial, sashensa da ke sayar wa talakawa irinmu RAM da SSD. Shugabannin Dell da HP sun fito sun yi gargaɗin cewa tsadar za ta shafi farashin kwamfuta. Ita kuma DDR4, wadda ita ce ke cikin galibin laftof ɗin da muke saya, masana'antun sun fara janye hannu daga yin ta, sai ta ƙara tsada maimakon ta yi araha kamar yadda tsohon kaya ya saba.

Me wannan ke nufi a shagon Kamba? Da can shawara ita ce ka sayi mai 4GB ko 8GB, daga baya ka ƙara. Yanzu "daga baya" ɗin nan yana iya zama mafi tsada a cikin cinikin. Idan ka samu mai 16GB da kuɗin da za ka iya, ɗauke ta yau. Idan mai 8GB ce, ka tabbatar tana da gurbin ƙari. Kuma kada ka yi mamaki idan ka tarar na'urar da ta baro Turai da sanda biyu na RAM ta iso da ɗaya. Idan abu ya yi daraja, hannaye da yawa ne ke bi ta kansa tsakanin tashar jirgi da kanti. A buɗe bayanta a gabanka ko a nuna maka a Task Manager. Ba a cinikin biri a sama.

Wannan maganar gurbi tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, kuma a nan tsofaffin na ofis sun fi sababbin da ake yayatawa dacewa da mu. HP EliteBook 840 G5, ThinkPad T480, Dell Latitude 5490, duk suna da gurbi biyu na RAM, ana cire SSD a canza, ana samun batirinsu da allonsu da kibod ɗinsu a Kano. Sababbi sirara da yawa kuwa an like RAM ɗinsu a jikin allon uwa, yadda ka saye ta haka za ta mutu. Duk MacBook mai M haka yake. Idan ta samu matsala, mai gyaran da ke bakin tasha zai juya ta ya miƙo maka, ya ce sai Legas. Kyau na ɗan maciji ke nan.

Sai kuma abin da mu 'yan iyaka muka fi kowa sani, wanda babu mai bidiyo a YouTube da zai taɓa ambata: boda da canji. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, kuma Kamba ba ta cikin rukunin farko da aka buɗe a Disambar 2020, sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufewa, har zuwa Maris ɗin 2024 a ɓangaren Najeriya, gadar Gaya da Malanville kuma ta ci gaba da zama a toshe, kaya da mutane suka koma bin kwalekwale. A tsakanin nan aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake samu a hukumance kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, don haka duk faɗuwar naira tana bayyana nan take a kan jika ɗaya ta sefa. Wanda ya riƙe kuɗin laftof a farkon 2023 yana jiran sabuwar furosesa, ya wayi gari kuɗinsa ba sa sayen rabin abin da ya raina. Canji yana iya lafawa, ya ma ɗan sauko, amma babu wanda ya isa ya rantse maka a kan wata shida masu zuwa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ita kuma NPU da ake ta zuzutawa fa? A Mayun 2024 Microsoft ya fito da laƙabin Copilot+ PC, wanda ke buƙatar NPU mai ƙarfin TOPS 40 da RAM 16GB. Aikinta shi ne gudanar da wasu ƙananan ayyukan ƙirƙirarriyar basira a cikin na'urar kanta, kamar gyara hoton kyamara yayin taron bidiyo da rubuta abin da ake faɗa. Amma ChatGPT da Gemini da Claude da kake buɗewa a burauza ba a cikin laftof ɗinka suke tunani ba, a can cibiyoyinsu suke yi, su turo maka amsa. Abin da suke nema daga gare ka shi ne intanet mai kyau. Mai EliteBook ta 2018 da mai sabuwa dal amsa iri ɗaya za su samu, kuma idan sabis ya ɗauke a Dole Kaina, su biyun tare za su zauna. Waɗanda ke da Snapdragon kuma akwai ƙarin abin lura: tsarinsu na Arm ne, ba irin na Intel da AMD ba, don haka tsohuwar firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa na iya ƙin aiki da su idan babu direban da aka yi musu. Mai shirin buɗe shagon buga takardu da rajistar jarrabawa ya riƙe wannan.

Abin da ke kashe laftof a yankinmu ba rashin sabuwar furosesa ba ne. Zafi ne, da ƙura, da wuta. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi na haura 40, hunturu kuma ya cika fanka da ƙura, wutar NEPA ta zo yadda ta ga dama. Saboda haka batir ya fi "i7" muhimmanci. Kafin ka biya, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Idan ya zube ƙasa da rabi, ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka, ka rage a ciniki. Ka fi son wadda ke caji ta USB-C da caja mai wat 45 ko 65, don ƙaramar sola ko babbar fawa-bank mai irin wannan ƙarfin za ta iya ɗaukar ta. Manyan laftof na wasa masu fitilu a kibod, waɗanda samari ke mutuwar so, cajarsu kan kai wat 180 zuwa sama, suna huci kamar murhu, kuma batirinsu ba ya jure doguwar ɗaukewar wuta. In ba aikin bidiyo mai nauyi ko zanen gini kake yi ba, kaya ne kawai ka ɗaukar wa kanka.

Ga wani abu da ya keɓanta da kayan da ke biyowa ta Kwatano. Da yawansu daga Faransa ko Beljiyam suka fito, kibod ɗinsu AZERTY ne, ba QWERTY da muka saba ba. A na zaune a wurin Q, Z a wurin W, M ta koma gefen L, lambobi kuma sai ka danne Shift. Ana iya canza tsarin a cikin Windows, amma abin da ke rubuce a kan madannai ba zai canza ba sai da sitika ko sabon kibod. Ga wanda ke hulɗa da Gaya da Malanville yana rubutu da Faransanci, wannan alheri ne. Ga ƙanwarka mai shirin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma ana iya zaɓar amsa da danna A, B, C ko D, ba ƙaramin ruɗani ba ne ta saba da A a wani wuri a gida ta tarar da ita a wani wuri a ɗakin jarrabawa. Duba jeren farko na haruffa kafin ka duba komai. Kuma a daidai wannan lokacin ka shiga BIOS ka ga ko an sa mata kalmar sirri, ka haɗa ta da intanet ka ga ko za ta nemi asusun wani kamfani. MacBook ɗin da ke ɗaure da iCloud na wani, ko na'urar da tsohon ofishinta bai sake ta ba, wata rana za ka wayi gari ta kulle.

Akwai wanda jira ya dace da shi, ba mu musa ba. Idan kana da laftof mai aiki, jenereshan na 8 ko sama, kada ka sayar da ita don ka ga bidiyo. Goge mata fanka, canza mata man sanyaya furosesa, ka ci gaba da aikinka. Idan sana'arka ta kai ka ga sayen sabuwa dal daga wakilin kamfani da garanti, to kai labarin Panther Lake da M5 ya shafe ka, ka bi shi a tsanake. Amma ɗalibar Waziri Umaru da aka ba aikin kammala karatu, da ɗan Aliero mai koyon zane, da wanda ya samu gurbi a 3MTT yana bin darasi a waya har idonsa na ruwa, su kowane wata na jira asara ce da ba a mayarwa.

Ga masu shaguna daga Kamba zuwa Birnin Kebbi, roƙonmu ƙarami ne. Ku riƙa rubuta cikakkiyar lambar furosesa, da adadin RAM, da girman SSD, da lambar jikin na'ura a kan rasit, ba "HP Core i5" kawai ba. Ku ba mai saye kwana biyu ko uku na gwaji, a rubuce. Wanda ya fara yin haka a garin nan, matasa da kansu za su yi masa talla a Facebook da TikTok kyauta. Kai kuma mai saye, idan aka ƙi rubuta maka lambar, akwai wani shagon a gaba, kuma motar Birnin Kebbi kullum tana lodi a tasha.